Yadda Ake Auna Tasirin Kaurin Ruwan Narkarwa a Kan Sinadaran Ƙarfe da Kabon Idan Haske Ya Buge Su

Idan aka narkar da sinadarin haɗin ƙarfe da kabon a cikin ruwa mai tsinkewa aka haska shi, sannan aka narkar da shi a cikin ruwa mai kauri aka sake haskawa da fitila ɗaya har na tsawon lokaci ɗaya, sakamakon da za a samu ba zai zo daidai ba. A cikin mai kaurin, sinadarin da ya sauya bai kai na cikin mai tsinkewar ba, wani lokaci ma da nisa. Masu koyo da yawa sukan ɗora wannan bambanci a kan fitila ko a kan datti a cikin kwalba, alhali dalilinsa sananne ne tun shekarar 1934, lokacin da James Franck da Eugene Rabinowitch suka bayyana abin da ake kira tasirin keji. Bayanin shi ne, idan haske ya tsinke haɗin da ke tsakanin ɓangarori biyu na molekul, ɓarayin biyu ba sa rabuwa nan take, domin molekul ɗin ruwan narkarwa sun kewaye su ta kowace fuska. A cikin wannan ɗan keji suna da mafita biyu kawai: ko su sake haɗewa su koma yadda suke, hasken ya tafi a banza, ko su kutsa su fice su je su yi aiki da wani sinadari. Kaurin ruwa shi ne yake rinjayar da wannan zaɓi, kuma ana iya auna yawan rinjayen da kayan aikin da ba su fi ƙarfin ɗakin gwaji na jami'a ba.

Wannan bayani zai bi hanyar da David Tyler da ɗalibansa suka yi shekaru suna amfani da ita a Jami'ar Oregon ta Amurka, jami'ar da Richard Noyes, wanda ya shimfiɗa lissafin tasirin keji da gwaje-gwajensa a kan aidin, shi ma ya koyar a cikinta.

Zaɓen sinadari da tarkonsa

Matakin farko shi ne a zaɓi sinadarin da haske yake yi wa abu ɗaya tak, domin idan hanyoyin sauyi suka yi yawa, ba za a iya sanin wacce kauri ya taɓa ba. Wanda ya fi dacewa shi ne tagwayen molibdinam, Cp′2Mo2(CO)6, inda atam biyu na molibdinam suke riƙe da juna kai tsaye, kowannensu yana ɗauke da CO (kabon monoksaid) uku da zoben kabon mai kusurwa biyar da ake rubutawa Cp. Alamar da ke kan Cp tana nufin an maƙala wa zoben rukunin metil, kuma amfanin wannan shi ne sinadarin ya fi narkewa a cikin ruwaye irin su hekzen. Launinsa ja ne mai duhu, yana shan haske sosai a tsawon zango na wajen nanomita 390, yana kuma da wani sha mai rauni a wajen nanomita 510. Idan aka haska shi da koren haske, haɗin Mo–Mo ne yake tsinkewa a tsakiya, a sami radikal biyu masu kama ɗaya, wato ɓarayi masu elektron guda marar abokin zama, waɗanda suke saurin haɗewa da abin da suka samu.

Akwai wanda zai so ya yi amfani da Mn2(CO)10 saboda ya fi sauƙin samu. Yana yiwuwa, amma a sani cewa shi yana shan haske ne a wajen nanomita 340, kuma a can hanyoyi biyu ne suke gasa: tsinkewar haɗin Mn–Mn da kuma ficewar CO guda. Ga mai fara wannan aiki, ina ganin na molibdinam ya fi, ko da zai ci kuɗi kaɗan.

Radikal ɗin da ya fice daga keji ba ya daɗewa. Idan bai sami abin kamawa ba zai ci karo da ɗan'uwansa a wani wuri su sake haɗewa, kuma mai awo ba zai iya bambanta wannan da haɗewar cikin keji ba. Saboda haka ake zuba tarko, wato sinadarin da zai cafke duk radikal ɗin da ya fito. Tarkon da aka saba da shi shi ne CCl4, wato kabon tetrakulorayid, wanda yake ba radikal ɗin atam ɗin kulorin guda, a sami Cp′Mo(CO)3Cl. Kowace molekul ta tagwayen da ta ɓace tana ba da biyu na wannan.

Nan akwai aikin da bai kamata a tsallake ba. Kafin a taɓa kauri ko kaɗan, sai a gwada yawan tarko daban-daban a cikin hekzen zalla, ana ƙarawa ana auna sakamako, har a kai inda ƙarin tarko ba ya ƙara komai. Wannan wurin da sakamako ya daidaita shi ne shaidar cewa duk wanda ya fice an kama shi. Yawan da aka saba tsayawa a kansa shi ne wajen mola 2 a kowace lita. Ba a so a wuce gona da iri kuma, domin idan CCl4 ya yi yawa har ya zama shi ne bangon kejin, zai fara kama radikal tun suna ciki, lissafin kuma ya lalace. Duk yawan da aka zaɓa, shi za a riƙe a kowace kwalba har ƙarshen aiki.

CCl4 guba ne ga hanta, kuma yana cikin sinadaran da Yarjejeniyar Montreal ta taƙaita amfani da su saboda cutar da suke yi wa rufin ozon. A riƙa aiki da shi a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, da safar hannu da tabarau, a tara ragowarsa a kwalbar shara ta musamman. Sinadaran ƙarfe masu CO su ma suna iya sakin iskar CO idan sun lalace.

Haɗa jerin ruwaye

Wannan ne zuciyar aikin, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Abin da ake so shi ne jerin ruwaye shida zuwa takwas waɗanda suka bambanta a kauri kaɗai, amma sun yi daidai a sauran halaye. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ɗauko hekzen, da toluwin, da etanol, da gilisarol, ya jera su bisa kauri ya ce ya sami jeri. Gaskiya ne kaurinsu ya bambanta, amma ƙarfinsu na riƙe caji ya bambanta, wasunsu kuma suna iya maƙalewa a jikin ƙarfen da kansu su sauya hanyar aikin gaba ɗaya. Wanda ya yi haka ya canza abubuwa uku a lokaci guda, ba shi da ikon cewa wannan ne ya jawo wancan.

Hanyar da ta dace ita ce a tsaya a cikin dangi ɗaya, dangin alken, waɗanda ba su ƙunshi komai ba sai kabon da haidurojin. A zafin digiri 25, kaurin hekzen ya kai kimanin sentipoyis (ma'aunin kauri) 0.3, na okten kimanin 0.5, na dodeken kimanin 1.4, na hekzadeken kuma kimanin 3. Domin a sami abin kwatantawa, na ruwan sha a wannan zafi kimanin 0.9 ne. Wannan tazara ba ta isa ba idan ana son ganin tasiri a fili, don haka ake gauraya hekzen da man farafin mai tsabta ko sukwalen, wanda kaurinsa ya kusa sentipoyis 30. Ana farawa da kwalbar da ba ta da mai sam, a riƙa ƙara rabon man a kwalabe na gaba, a rage na hekzen, CCl4 kuwa yana nan yadda yake. A auna kowane ɓangare da sikeli maimakon da ma'aunin girma, domin mai mai kauri yana maƙalewa a jikin bututun awo, abin da ya zuba ba ya kai abin da aka ɗiba.

Ba a lissafa kaurin gauraye daga na ɓangarorinsa; aunawa ake yi. Ana amfani da bututun gilashi na Ubbelohde ko na Cannon-Fenske, a tsayar da shi a cikin bahon ruwa mai daidaitaccen zafi, a bar shi kamar minti goma sha biyar ya ɗauki zafin bahon, sannan a auna daƙiƙun da ruwan yake ɗauka kafin ya gangaro daga alamar sama zuwa ta ƙasa. A maimaita har sai awo uku sun zo kusa da juna. Lokacin da aka samu ana ninka shi da lambar bututun, sannan a ninka da nauyin ruwan a kowace mililita, shi ne zai ba da kauri a sentipoyis. A zaɓi bututun da gangarowar za ta ɗauki fiye da daƙiƙa 200, domin idan ruwa ya zuba da sauri lissafin yana karkacewa. A kuma rufe bakin bututun tsakanin awo da awo, domin hekzen yana tashi da sauri, kuma duk abin da ya tashi yana barin gaurayen ya fi yadda aka haɗa shi kauri.

Batun zafi yana buƙatar a tsaya a kansa. Kaurin mai yana raguwa sosai idan zafi ya ƙaru ko da digiri kaɗan ne, saboda haka zafin da aka auna kauri a kansa dole ya zama shi ne zafin da za a haska samfur a kansa, bambancin kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na digiri. A wurarenmu inda ɗaki yake iya yin sanyi da asuba ya koma kamar tanda da azahar a lokacin bazara, kalmar "zafin ɗaki" ba ta nufin komai a rahoto. A sa mazaunin kwalbar haskawa mai zagayen ruwa, a rubuta ainihin digirin.

Cire iska da kare samfur daga haske

Radikal ɗin ƙarfe yana kama oksijin da sauri ƙwarai, kuma oksijin ɗin da ya narke a cikin ruwa tarko ne na biyu wanda ba a gayyata ba. Ana cire shi ta hanyar daskarar da samfur a cikin ruwan naitirojin, a zuƙe iskar da famfo, a rufe, a bar shi ya narke, a sake maimaitawa. Sau uku ya isa ga hekzen, amma ga kwalabe masu mai da yawa a ƙara, domin iska tana jinkirin fita daga ruwa mai kauri. A ci gaba har sai an daina ganin kumfa tana tasowa lokacin narkewa. Busa naitirojin ta cikin ruwan bai dace a nan ba, domin zai kwashe hekzen da CCl4 ya canza gaurayen. Bayan haka a cika kwalbar da argon ko naitirojin a toshe.

Tun da sinadarin yana shan hasken da ido ke gani, hasken ɗaki ma yana cin sa. A yi haɗin a ƙarƙashin jar fitila mai rauni, a naɗe kwalabe da takardar alminiyam. A ajiye kwalba guda a cikin duhu tun daga farko har ƙarshe, a auna ta daga baya. Idan ita ma ta sauya, akwai abin da ke faruwa ba tare da haske ba, kuma dole a cire shi daga lissafi.

Ƙidayar haske da haskawa

Abin da ake nema a ƙarshe shi ne rabon amfanin haske, wanda ake rubutawa da alamar Φ, wato yawan molekul ɗin da suka sauya a raba da yawan foton, wato ƙwayoyin haske, da aka sha. Don haka sai an san foton nawa fitila take zubawa a cikin kwalba a kowace daƙiƙa. Fitilar makyuri tana da layi mai ƙarfi a nanomita 546, ana ware shi da matatar haske. Fitilar LED koriya ma tana yi, muddin an san faɗin hasken da take bayarwa. Ana ƙidaya foton da wani sinadari wanda an riga an san rabonsa. Wanda ya fi shahara shi ne feriyokzalet na Hatchard da Parker na 1956, mai rabon kimanin 1.2 a nanomita 365, inda ake auna ƙarfen da ya sauya da fenantirolin a nanomita 510. Sai dai shi ba ya shan koren haske sosai, don haka a 546 an fi amfani da gishirin Reinecke, wanda Wegner da Adamson suka tsara amfaninsa a 1966, ko kuma Aberchrome 540. A yi wannan ƙidaya da kwalba iri ɗaya a mazauni ɗaya, kafin haskawa da bayanta. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki aka koma janareta, a sake ƙidayar, domin ƙarfin fitila yana bin ƙarfin wutar da take samu.

Sannan a sa samfur, a kunna abin motsawa, a haska na ɗan lokaci, a tsaya a auna shan haske a wajen nanomita 510, a sake haskawa. Raguwar shan ita ce take nuna ɓacewar tagwayen. Wanda yake da na'urar infrared zai iya tabbatar da abin da ya fito, domin Cp′Mo(CO)3Cl yana ba da sabuwar alamar CO a sama da 2050 a ma'aunin lambar zango, inda tagwayen ba su da komai. A tsaya kafin kashi 10 cikin 100 na sinadarin ya ƙare, tun abin da aka samar bai fara shan nasa hasken ba. Foton ɗin da aka sha ba duka waɗanda suka shiga ba ne. Ana samun su ne da ninka hasken da ya shiga da (1 − 10^−A), inda A take nufin shan samfurin a zangon da aka haska.

A kula da motsawa a kwalabe masu kauri. Ɗan maganaɗisun da yake juya hekzen cikin sauƙi yana iya yin juyi a ƙasan mai kaɗai, saman yana tsaye, sai sinadarin da ke gaban fitila ya ƙare na baya bai taɓu ba. Ana gane haka idan aka ga shan haske yana ci gaba da sauyawa bayan an kashe fitila. Kowane kauri a yi masa aƙalla samfur uku masu zaman kansu.

Lissafi

Rabon da aka auna ya ƙunshi abubuwa biyu: Φ = φ(1 − F). A nan φ shi ne rabon foton ɗin da suka yi nasarar tsinke haɗin tun farko, F kuwa shi ne rabon ɓarayin da suka sake haɗewa a cikin keji. Shi F yana fitowa daga gasar gudu biyu, F = kc/(kc + kd), inda kc yake nufin saurin haɗewa, kd kuma saurin ficewa. Bisa dokar Stokes da Einstein, saurin yawon molekul yana raguwa daidai da yadda kauri yake ƙaruwa, saboda haka kd ne kauri yake dannewa, shi kuwa kc ana ɗauka bai canza ba. Idan aka juya lissafin, 1/Φ = (1/φ)(1 + kc/kd), wanda ke nufin zanen 1/Φ a kan kauri ya kamata ya ba da layi mai hawa, kuma inda layin ya yanki sandar tsaye, wato inda kauri zai zama sifiri, nan ne 1/φ.

A ɗauki misali na lissafi kawai. Idan layin ya yanki sandar a 1.67, to φ ya zama 0.6. Idan a wata kwalba mai tsinkewa an auna Φ ya zama 0.45, to F shi ne 1 − 0.45/0.6, wato 0.25: ɗaya cikin huɗu sun koma. Idan a mai kauri Φ ya sauka zuwa 0.2, F ya zama kimanin 0.67, biyu cikin uku ke nan. Haske ya tsinke haɗi iri ɗaya a kwalaben biyu, bambancin duka daga kejin yake. Dukkan wannan gasa tana ƙarewa ne a cikin 'yan pikosakan (pikosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na daƙiƙa), amma ga shi an gano rabonta da agogon hannu da na'urar auna shan haske.

Idan layin ya lanƙwasa

Sau da yawa layin yakan miƙe a farko sannan ya kwanta a wajen masu kauri sosai, ko kuma jeri biyu na ruwaye masu kauri ɗaya su ba da F daban. Wannan ba lallai ba ne ya zama kuskuren hannu. Kaurin da bututun gilashi yake aunawa na ruwan ne gaba ɗayansa yayin da yake gangarowa, shi kuwa radikal abin da ya dame shi shi ne 'yan molekul ɗin da ke gefensa. Abin ya yi kama da miyar kuɓewa: yauƙinta daga dogayen zaruruwa yake, suna riƙe ludayi, amma gishirin da ya narke a ciki yana yawo ne a ruwan da ke tsakanin zaruruwan ba tare da ya ji yauƙin sosai ba. Haka dogayen molekul na mai ko na roba suke ɗaga kaurin bututu ninki da yawa alhali sun bar wa ƙaramin radikal ƙofofin ficewa.

A 2016 Justin Barry da Daniel Berg da Tyler suka nuna cewa idan aka bar kaurin bututu aka yi amfani da kaurin kusa, wato wanda molekul ɗin da kansa yake ji, sakamakon ruwaye daban-daban yana hawa layi ɗaya. Ana samun wannan kauri ne da na'urar NMR, ta hanyar auna saurin yawon wata molekul mai ɗorewa wadda girmanta da siffarta suka yi kama da na radikal ɗin, a cikin gaurayen da aka yi haskawa a ciki. Duk wanda yake da hanyar kaiwa ga irin wannan na'ura, ko da a wata jami'a ce, ya kamata ya yi wannan awo, domin shi ne yake raba bayani na gaskiya da daidaituwar da ta zo bisa sa'a. Wanda ba shi da ita ya tsaya a kan alken masu gajeren jiki da sukwalen, ya guji ƙara roba don neman kauri, ya kuma rubuta a fili cewa kaurin bututu ya yi amfani da shi.

Bayan an sami F na sinadari guda, ana iya sauya abin da aka maƙala wa zoben Cp a ga yadda girman radikal yake shiga cikin lamarin. Lissafin Noyes ya yi hasashen cewa kd/kc zai bi tushen murabba'i na nauyin radikal a raba da murabba'in faɗinsa, kuma aikin rukunin Tyler na 1998 a kan tagwayen molibdinam masu dogayen rassa ya dace da wannan hasashe. Irin wannan awo ne kuma ake yi wa haɗin kobalt da kabon na adenosilkobalamin, ɗaya daga cikin siffofin bitamin B12 da jiki yake aiki da su, wanda Lenhert da Dorothy Hodgkin suka gano tsarinsa a 1961. Idan haske ya tsinke shi a cikin ruwa, mafi yawan ɓarayin suna komawa tun a keji, kuma ƙara gilisarol yana ƙara yawan masu komawar. Sai dai a wannan ana aiki ne da ruwa da gilisarol maimakon alken, don haka dole a sake gwada tarko da yawansa daga farko kafin a haɗa jerin kwalabe.